Rantanen ya fitar da Colorado: ya dace ƙungiya mai neman kofi ta rabu da irin wannan ɗan wasa?

Baban Khalifa: Assalamu alaikum jama'a. Waɗanda ba su kalli wasan hokin ƙanƙara na jiya, 3 ga Mayu, 2025, a gasar NHL ta Amurka da Kanada ba, ga abin da ya faru. Wasa na bakwai ne, na ƙarshe a karawar zagayen farko na neman kofi, tsakanin ƙungiyata Colorado Avalanche da Dallas Stars, wanda ya ci ya wuce, wanda aka ci ya naɗe tabarmarsa sai baɗi. Da fara zubi na uku, wato na ƙarshe, tauraronmu MacKinnon ya ƙara mana ta biyu, muna da 2 da nema. Daga nan sai Mikko Rantanen ya tashi. Mutumin da muka ɗauko a 2015 yana ɗan shekara 18, muka ci Kofin Stanley, babban kofin NHL, da shi a 2022, muka kuma miƙa shi ga ƙungiyar Carolina da hannunmu a watan Janairun 2025, daga can ya koma Dallas. Ya ci uku shi kaɗai, da sa hannunsa kuma a wadda Wyatt Johnston ya ci. Duk a zubi ɗaya. Aka tashi 4 da 2.

Tambayata ita ce: ƙungiyar da take da taurari irin MacKinnon da Makar a kan ganiyarsu, wadda kofi take nema bana ba nan da shekara biyar ba, me zai sa ta rabu da irin wannan ɗan wasa don kawai tsoron kada ya tafi a banza? Ni a wurina kuskure ne babba, kuma tun ranar 24 ga Janairu da aka rabu da shi nake faɗa a gidan nan.

Injiniya: Wa alaikumus salam Yaya. Sannu da haƙuri. Mu nan Texas ba a yi barci da wuri ba jiya. Amma gaskiya ko ni da nake goyon bayan Dallas na ji muku ciwo.

Ɗan Fagge: Manya ku yi mini afuwa, ni ɗan ƙwallon ƙafa ne, sai dai kun sa na fara leƙa wasan ƙanƙarar nan. Nawa aka sayar da shi? In kuɗin sun yi kauri ai ba asara ba ce, sai a sayo wani.

Alhajin Calgary: Ɗana, a nan ba a sayar da ɗan wasa da tsabar kuɗi kamar yadda kuka saba a Turai. Tun bayan rikicin da ya cinye kakar 2004 zuwa 2005 baki ɗaya, gasar NHL ta sa iyakar albashi, ta kuma hana sa kuɗi a cinikin 'yan wasa. Musaya ake yi: ka ba ni ɗan wasa, in ba ka ɗan wasa, ko in ba ka gurbina na zaɓen matasa da ake yi duk shekara. Iyakar ta fara da dala miliyan 39, a kakar 2024 zuwa 2025 ta kai miliyan 88. Duk 'yan wasanka, daga gola har ɗan benci, dole albashinsu ya shiga cikin wannan adadin. Ko mai ƙungiyar ya fi kowa kuɗi a Amurka ba zai tsallake ba.

To a nan nake son Baban Khalifa ya saurare ni da kunnen basira. Lokacin da aka yi musayar, kwantaragin Rantanen na dala miliyan 9.25 a shekara saura ya ƙare ne a ƙarshen watan Yunin 2025. In bai sabunta ba, ranar 1 ga Yuli zai zama ɗan kansa, ya tafi inda ya ga dama, Colorado ba ta samun ko sisi. MacKinnon yana karɓar miliyan 12.6. Makar yana kan miliyan 9, nasa zai ƙare a 2027, kuma kowa ya san ba zai sake sa hannu a kan wannan kuɗin ba. Ga Draisaitl ya sa hannu a Edmonton kan miliyan 14 a watan Satumbar 2024, ya ɗaga farashin kasuwa. In ka ɗaure mutum uku da kusan miliyan 40, da me za ka biya sauran ashirin?

Mu a Calgary mun sha wannan ruwan. A kakar 2021 zuwa 2022 marigayi Johnny Gaudreau ya tara maki 115, wato ƙwallayen da ya ci haɗe da waɗanda ya taimaka aka ci. Aka ce a riƙe shi, zai zauna, ana ta tattaunawa har daren ƙarshe. Ya tafi Columbus, ba mu samu komai ba. Wanda ya ga wannan ba zai zagi manajan da ya ce ba zai jira irinta ta same shi ba.

Baban Khalifa: Alhaji, Allah ya ƙara girma. Amma ka tsaya a rabin labarin Calgary. Bayan tafiyar Gaudreau da 'yan kwanaki kuka yi musayar Matthew Tkachuk zuwa Florida, kuka karɓo Huberdeau da Weegar. A takarda kowa ya ce kun yi riba, don shi ma Huberdeau maki 115 ya yi a shekarar. Da ya zo wurinku ya faɗo zuwa 55, ga kwantaragin shekara 8 a kan miliyan 10.5 a wuyanku. Tkachuk kuwa ya kai Florida wasan ƙarshe a 2023, suka ɗauki kofi a 2024. Ashe ko an yi musayar ma ba a tsira ba.

Alhajin Calgary: Wannan daban. Tkachuk da bakinsa ya shaida wa ƙungiya ba zai sa hannu a dogon kwantaragi ba. Dole ce ta sa. Abin da ya cuce mu shi ne dogon kwantaragin da aka ba Huberdeau tun bai buga mana wasa ko ɗaya ba, ba musayar ba.

Baban Khalifa: To ai ka kawo ni inda nake so. Tkachuk ya ce zai tafi. Rantanen bai ce ba. Bayan musayar ya faɗa wa 'yan jarida cewa shi bai taɓa son barin Colorado ba, kuma abin ya zo masa ba zato. Sannan dubi abin da ya karɓa a Dallas: shekara 8, miliyan 12 a shekara. Ƙasa da na MacKinnon. Ina miliyan 14 ɗin da ake ta tsoratar da mu da ita?

Injiniya: Yaya, a nan zan ɗan gyara maka. Miliyan 12 a Texas ba daidai take da miliyan 12 a Denver ba. Jihar Texas ba ta karɓar harajin albashi, Colorado tana karɓa. Ni da na yi aiki a jihar da ake cira kafin in dawo nan, na ga bambancin a takardar albashina ta wata. A kuɗi irin nasu bambancin ba ƙarami ba ne. Kuma kada ka manta ya sa hannun ne bayan ya ɗanɗana makonni shida a Carolina inda abin bai karɓe shi ba, wasa 13 ƙwallo 2 kacal. Mutumin da aka jefa nan aka jefa can zai iya sassauta farashi don ya samu wurin zama. Ba lallai abin da ya karɓa a Maris ne zai karɓa a Janairu ba.

Maman Ilham: Sallama gare ku. Ina karantawa tun ɗazu, kuma abin da ke damuna duk lissafin kuɗi kuke yi kamar ba mutum ake magana a kai ba. A ƙwallon ƙafa ko ƙungiyoyi sun shirya, sai ɗan wasa ya yarda ya sa hannu. A NHL in ba ka da sharaɗin hana musaya a kwantaraginka, waya kawai za a yi maka a ce ka haɗa kayanka. Shekara kusan goma a gari ɗaya, gida, abokai, maƙwabta, rana ɗaya a ce ka tashi. Shi wannan sau biyu aka yi masa cikin mako shida.

Mu a Edmonton har yau ranar 9 ga Agusta, 1988 ba ta bar bakin mutane ba. Wata dattijuwa da muke aiki tare, in aka ambaci tafiyar Gretzky zuwa Los Angeles sai fuskarta ta canja, sai ta ajiye kofin shayinta ta fara ba ki labarin inda take tsaye lokacin da ta ji a rediyo. Kofi huɗu ya ci musu cikin shekara biyar, 1984, 1985, 1987, 1988, wata uku bayan na ƙarshen aka miƙa shi. A lokacin ana sa kuɗi, dala miliyan 15 mai ƙungiyar, Peter Pocklington, ya karɓa, da Jimmy Carson da Martin Gelinas da gurabun zaɓe uku. Har wani ɗan majalisar Kanada sai da ya nemi gwamnati ta hana cinikin. Mutanen gari ba su yafe ba. Akwai abin da ƙungiya take rasawa wanda ba ya shiga littafin akawu.

Alhajin Calgary: Hajiya, gaskiya kika faɗa kan zafin abin. Sai dai ki ƙarasa. Shekara biyu bayan tafiyarsa, a 1990, Edmonton ta sake ɗaukar kofi da Messier a matsayin kyaftin. Gretzky kuwa bai sake ɗaga kofi ba har ya yi ritaya a 1999. Ya kai Los Angeles wasan ƙarshe a 1993, Montreal ta doke su. In mafi girman ɗan wasa a tarihin hoki an rabu da shi kuma ƙungiya ta ci kofi, waye ba za a iya rabuwa da shi ba?

Maman Ilham: Alhaji, a shekarar farko bayan tafiyarsa, 1989, shi da Los Angeles ne suka fitar da Edmonton a zagayen farko, bayan Edmonton tana gaba da wasa 3 da 1. Irin abin da ya samu su Baban Khalifa jiya. Kuma tun 1990 ɗin ba mu sake ganin kofi ba, shekara 35 kenan. Wa ya san nawa za su ci da an bar su tare? Yana ɗan shekara 27 fa a lokacin.

Ɗan Fagge: Yanzu na gane. Wato kamar lokacin da Arsenal ta ba Manchester United Van Persie a 2012 don saura masa shekara ɗaya. Ya je ya ci musu gasar Firimiya a shekarar farko, shi ne ya fi kowa cin ƙwallo. Har gobe ina jin haushin wannan.

Baban Khalifa: Haka ne ƙanena, sai dai mu ba Dallas muka ba kai tsaye ba. Carolina muka ba, tana can ɓangaren gabas, da tunanin ba za mu haɗu da shi ba sai dai a wasan ƙarshe. Carolina ta ga ba zai sa mata hannu ba, ranar 7 ga Maris ta juya shi zuwa Dallas, rukuninmu ɗaya, ƙungiyar da ta fitar da mu bara. Ta karɓi Logan Stankoven da gurabu biyu na zagayen farko da biyu na zagaye na uku. Mu me muka karɓa? Martin Necas, Jack Drury, gurbin zagaye na biyu da na huɗu. Da zarar ka saki ɗan wasa, ba kai ke da ikon inda zai sauka ba. Wannan shi ne abin da manajanmu Chris MacFarland bai auna ba.

Ɗan Maraɗi: Ina gaida manya. Ni daga Montreal nake bin ku. Abin da nike so in tuna ma Baban Khalifa, ƙungiyar da kake ma kuka da musaya anka gina ta. Tun tana nan Quebec da sunan Nordiques, a 1992 sunka ba Philadelphia Eric Lindros, wanda ya ƙi buga musu, sunka amso Peter Forsberg da tarin 'yan wasa. Sunka koma Denver a 1995. A Disambar shekarar nan Detroit ta yi ma Montreal 11 da 1, koci ya bar Patrick Roy cikin raga har anka zura mishi tara, ya fito ya ce ya gama da ƙungiyar. Kwana huɗu anka miƙa shi Colorado. Bayan wata shida kuna da kofi. Mu nan tun 1993 muke jira.

Kuma kofin 2022 ma, ku tuna musayar Matt Duchene a 2017. Tsakiyar wasa anka fitar da shi daga fili. A nan kunka samu Girard da gurbin da kunka ɗauki Byram. Lokacin da musaya ta yi muku daɗi ba wanda ya ce rashin imani ne.

Baban Khalifa: Malam, na yarda da tarihin, amma dubi kowane ɗaya. Lindros ya ƙi zuwa. Roy ya ce ya gama. Duchene shi ya nemi tafiya, kuma a lokacin mun fito daga kakar da muka ƙare a ƙarshen tebur da maki 48, ba abin da muke karewa. Ƙungiyar da ke ƙasa tana sayar da yau ta sayi gobe, wannan ba gardama. Mu a Janairun bana ba a ƙasa muke ba. Rantanen yana da maki 64 a wasa 49. Ya taɓa cin ƙwallo 55 a kaka ɗaya. A wasannin neman kofi ya tara mana maki 101 a wasa 81. Irin waɗannan ba su da yawa a duniya, kuma a watan Mayu ake sanin su, ba a Nuwamba ba.

Ku dubi ƙwallonsa ta biyu jiya. Ya ɗauko ta tun daga tsakiyar fili, ya ratsa tsakanin masu tsaron bayanmu, ya zagaya ta bayan raga da gudu, ya turo ta gaba, ta bugi takalmin Girard ta shige. Mutum mai wannan girman jiki ya yi wannan juyin a kan ƙanƙara ana saura 'yan mintuna a fitar da ƙungiyarsa. Ba a sayen wannan da gurbin zagaye na huɗu. Ɗana Khalifa yana zaune kusa da ni da rigarsa mai lamba 96, wadda ya ƙi cirewa tun Janairu, bai san ko ya yi murna ko ya yi kuka ba.

Injiniya: Kuma laifin da ya ba mu damar cin ta uku, saura kusan minti huɗu, Drury ne aka kama da riƙo, aka fitar da shi na ɗan lokaci, muka fi ku yawa a fili. Wanda aka karɓo a musayar. Ba don in ƙara maka ciwo ba Yaya, abin ne ya zo a haka.

Alhajin Calgary: Ku yi wa yaron nan Drury adalci, laifi ɗaya ba ya auna ɗan wasa. Kuma Baban Khalifa, zubi ɗaya na minti 20 ba ya auna musaya. A wasa huɗu na farko na wannan karawar Rantanen bai ci ko ɗaya ba. Da golanku ya tare biyu jiya, yau da wata magana ake yi. Sannan ka faɗa mini: a 2023 yana nan, Seattle ta fitar da ku a zagayen farko. A 2024 yana nan, Dallas ɗin nan ta fitar da ku a zagaye na biyu. Matsalarku tun tafiyar Kadri bayan kofin 2022 ita ce rashin ɗan tsakiya na layi na biyu, wato rukuni na biyu na 'yan gaba. Sararin albashin da aka samu ya taimaka aka kawo Brock Nelson da Charlie Coyle a Maris. Necas a kakar 2024 zuwa 2025 miliyan 6.5 ya karɓa, ya kuma ba ku kusan maki ɗaya a kowane wasa tun zuwansa. Manaja yana kallon ƙungiya gaba ɗaya, mu 'yan kallo tauraro muke kallo.

Baban Khalifa: Alhaji, an kawo Nelson, an kawo Coyle, kyaftin ɗinmu Landeskog ya dawo bayan kusan shekara uku yana jinyar gwiwa, Dallas kuma ta buga karawar nan babu manyan 'yan wasanta biyu, Heiskanen da Robertson. Duk da haka ina muke yau? Gida, a zagayen farko. Wasa uku na ƙarshe maki 11 Rantanen ya yi a kanmu. Ba zubi ɗaya ba ne.

Ga kuma abin da ya fi ci mini rai. An yi musayar ranar 24 ga Janairu. Mako ɗaya bayan nan NHL da ƙungiyar 'yan wasa suka sanar da iyakar albashi ta shekara uku masu zuwa: miliyan 95.5, sai 104, sai 113.5. Wato lokacin da sabon kwantaragin Makar zai fara, iyakar ta ƙaru da sama da miliyan 25 a kan ta bana. Miliyan 12 ko 13 ɗin da ake gani kamar dutse, nan da shekara uku matsakaicin kaso ne. Kuma ranar rufe musaya sai 7 ga Maris. Akwai mako shida a hannu. Me ya hana a zaunar da shi a ce ga iyakar abin da za mu iya, ka karɓa ko mu nemi wata hanya? Gaggawar me ake yi?

Maman Ilham: Wannan ita ce maganar. Ko za a rabu, a rabu da mutunci, a gaya wa mutum gaskiya ido da ido. Sauran 'yan wasan ɗakin ma suna kallo. MacKinnon kansa bai ɓoye cewa abin ya girgiza shi ba.

Alhajin Calgary: Hajiya, da Baban Khalifa, ba wanda yake cikin ɗakin da aka yi tattaunawar a cikinmu. Abin da na sani shi ne in ka bari kasuwa ta gane dole ce ta kama ka, farashin kayanka ya faɗi. A Janairu Carolina ta yarda ta ba da Necas. Wa ya tabbatar maka za ta bayar a Maris? Kuma da ya ji rauni a Fabrairu fa? Shi ke nan, ba musaya, ba sa hannu. Ku dubi New York Islanders da Tavares a 2018, sun riƙe shi har ƙarshe, ya tafi Toronto hannunsu wayam. Toronto ma a kakar 2024 zuwa 2025 ta shiga wannan halin da tauraronta Marner, wanda wa'adin kwantaraginsa Yunin 2025 ne.

Ɗan Maraɗi: Alhaji, amma Islanders bayan tafiyar Tavares sun kai zagayen kusa da ƙarshe sau biyu, 2020 da 2021. Tafiyar tauraro a banza ba mutuwa ba ce, kuɗin albashinshi suna dawo maka ka sayi wasu.

Baban Khalifa: Allah ya saka, Malam. Abin da nake ta son faɗa kenan. A ce ma mun riƙe shi ya tafi a Yuli. Mun samu ƙarin zagaye ɗaya na neman kofi da shi da MacKinnon da Makar tare, kuma Dallas ba ta da shi jiya. MacKinnon zai cika 30 a Satumba. Irin waɗannan shekarun ƙidayayyu ne, kowace ɗaya ta fi gurbin zaɓe daraja.

Ɗan Fagge: Tambaya ta ƙarshe manya. Shi Necas ɗin da aka karɓo, shekara nawa ya rage masa?

Alhajin Calgary: Ɗaya. Nasa zai ƙare a tsakiyar 2026. Amma daga 1 ga Yulin bana za su iya sabunta masa, kuma ya fi Rantanen ƙuruciya da shekara biyu da 'yan watanni.

Baban Khalifa: To ka ji, ƙanena. Yana bugawa a gefen MacKinnon, makinsa zai hau, wakilinsa kuma ya ga sabbin alƙaluman iyakar albashi kamar yadda kowa ya gani. Ba zai sake karɓar 6.5 ba. Alhaji, ka rubuta ka ajiye: in suka ba Necas abin da ya kusa miliyan 12, ina so ka dawo gidan nan ka nuna mini kuɗin da aka ce an tanada wa Makar.